Ƙodar Safiyyatu a Jikin Attahiru Dillali

A garin Illela, a kan hanyar da ake bi da dabbobi zuwa kara, wato kasuwar dabbobi, akwai wani gida mai jar ƙofa wanda tagar zaurensa take kallon titi. Duk ranar Lahadi, wadda ita ce ranar kasuwar garin, tun rana ba ta gama fitowa ba za ka ga wani mutum zaune a bayan ƙarafan tagar nan, da farin ƙyalle a hanci da baki, yana bin shanu da raguna da raƙuma da kallo. Sunansa Attahiru, amma daga nan har Birnin Konni ba wanda zai gane shi sai an ce Attahiru Dillali. Fiye da shekara talatin ya yi yana aiki a cikin waccan kara. Yau tsakaninsa da ƙofarta bai wuce taku ɗari huɗu ba, kuma ba shi da ikon shiga.

An haife shi a Amarawa a shekarar 1968, a gidan manoman gero da albasa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Umma, ta haifi 'ya'ya bakwai, huɗu suka rayu. Yana ɗan shekara shida ƙyanda ta shigo garin da bazara, ta kwantar da shi da ƙannensa biyu a ɗaki ɗaya. Shi ya tashi, su ba su tashi ba. Bayan haka cutar ta sha zagayowa tana kama yaran maƙwabta, amma ba ta ƙara taɓa shi ba, kuma Umma takan ce ai ƙyanda ta riga ta san shi, shi ya sa take kauce masa. Shekara biyar bayan wannan rashi aka haifi Safiyyatu, autar ɗakinsu. A hannunsa ta yi wayo, domin shi ake bar wa ita idan Umma ta tafi rijiya.

Ya yi firamare har ya gama aji shida, kuma har yau rubutunsa a tsaye yake, ba ya hawa kan layi. Bai wuce nan ba. Kawunsa, wanda dillalin shanu ne a Illela, ya ɗauko shi ya haɗa shi da ɗansa Idi, ya shigar da su kara rana ɗaya. Idi taubashinsa ne, saboda haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zolaya ba, kuma girma bai rage komai daga wannan ba.

Dillancin dabbobi aiki ne na hannu da hanci. Attahiru yakan buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya shaƙi numfashinsa, ya ɗaga fatar ido, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse. Ya kuma ƙware wajen karanta shaidar da makiyaya ke yi wa dabbobinsu, ko yankan kunne ko zanen ƙarfe mai zafi a cinya, har yakan dubi saniya ya faɗi rugar da ta fito. Idan ciniki ya yi kusa, sai ya kama hannun mai saye da damansa, na mai sayarwa da hagunsa, ya yi ta jan su yana lallashi har ya haɗa su wuri ɗaya. A kara ba a sallamawa sai hannu ya shiga hannu. Da rana ta take kuma, dillalai sukan zauna a inuwa su zagaye ƙwaryar fura da nono, ludayi ɗaya yana yawo daga baki zuwa baki.

Da aka aurar da Safiyyatu a Konni, ga wani mai sayar da kayan babur mai suna Bashar, sai ƙetare iyaka ya zame wa Attahiru kamar shiga gidan maƙwabci. Sau biyu a mako yake zuwa, ya ga makiyayan da ke kawo masa dabbobi, ya ci tuwon ƙanwarsa, ya dawo. A shekarun farko akan tsayar da shi a shinge a nemi takarda, a juya ta gaba da baya. Da tafiya ta yi tafiya sai masu gadin ɓangarorin biyu suka san fuskarsa. Tun daga nesa sukan ɗaga masa hannu su ce, "Dillali, wuce." Ya yi kusan shekara ashirin ba wanda ya ce ya nuna komai, kuma yana alfahari da hakan ƙwarai.

A shekarar 2018 ciwon kai ya matsa masa. Ya daɗe yana haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo da ake tallar su a kasuwa, ya koma cikin rana ya ci gaba da aiki. Sai ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa, numfashi ya fara yi masa wuya. A asibiti a Sakkwato aka gano cewa hawan jinin da bai san yana da shi ba ya riga ya kashe masa ƙoda duka biyu. Daga nan aka fara yi masa wankin ƙoda, sau biyu a mako, awa huɗu yana kwance an jona shi da na'ura, bayan doguwar tafiyar mota ta Gwadabawa. Shekara ɗaya da rabi ya yi a haka, yana ramewa, ruwan sha ma da awo ake ba shi.

Wata rana Safiyyatu ta zo daga Konni, ta same shi a tabarma, matarsa Zubaida tana yi masa fifita.

Ta ce, "Yaya, na ji an ce mutum na rayuwa da ƙoda guda. Ni biyu gare ni. Mi za ni yi da biyu?"

Ya ce, "Ke, rufa mini baki. Ɗiyanki huɗu."

"Naka tara. In ka tahi, wa za ya riƙa su? Idi? Idi ko akuya anka ba shi riƙo sai ta ɓace."

Idi, wanda ke zaune a bakin ƙofa, ya ce, "To ni mi nawa ciki? Ku ba shi tawa ƙodar in kuna so, amma ku sani ta sha shayi ta gaji."

Aka yi dariya, ban da Attahiru. Wata biyu ya yi yana ƙi. Safiyyatu ba ta jira yardarsa ba, ta nemi ta mijinta, ta je aka ɗibi jininta aka gwada, aka ce ta dace.

Kafin a tura su Kano inda za a yi aikin, likitan ƙodar da ke duba shi a Sakkwato, wani mai haƙuri da ake kira Likita Abdulaziz, ya zaunar da shi ya ce akwai abin da dole ya fahimta tun yanzu.

Ya ce, "Malam Attahiru, kai mutumin iyaka ne, don haka ba zan sha wuyar bayani ba. Jikin ɗan Adam ƙasa ce mai tsaro, shi ne abin da muke kira garkuwar jiki. Fatarka ita ce katanga. Majina da hawaye da ruwan ciki mai tsami su ne shingen farko, suna tare yawancin ƙwayoyin cuta tun kafin su shiga. Wadda ta kutsa ta shiga, sai ta tarar da masu gadi, wato fararen ƙwayoyin jini, suna sintiri ba hutu. Wasunsu ba sa dogon bincike, abin da suka ga cuta ce sai su haɗiye shi. Zazzaɓi da kumburi da mugunyar ƙurji, duk alamar faɗansu ce. Wasu kuma masu duba takarda ne."

Attahiru ya ce, "Takarda cikin jiki, Likita?"

"Kai da ka san shaidar shanu. Kowane ɗan ƙanƙanin yanki na jikinka yana ɗauke da shaidar da ke cewa na Attahiru ne. In masu duba takardar suka ga shaidarka, sai su wuce. In suka ga wata, sai su kira 'yan uwansu, a ƙera makamin da ya dace da wannan baƙo shi kaɗai, a far masa. Akwai kuma masu tunawa. Duk baƙon da suka taɓa gamuwa da shi, ba sa manta fuskarsa. Shi ya sa ƙyanda ba ta kama mutum sau biyu, kuma a kan wannan aka gina allurar rigakafi. To ƙodar da za a sa maka, shaidar Safiyyatu ce a jikinta."

"Ai ciki guda munka hito, nono guda munka sha."

"Shi ya sa rabin shaidarku ya zo ɗaya, kuma wannan sa'a ce babba. Amma rabin da ya saura ya ishe su dalilin kai mata hari. Maganin da za ka riƙa sha ba ya kashe masu gadin, sanyaya musu jiki yake yi don kada su taɓa ta. Ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, kullum, har iyakar rayuwarka."

Attahiru ya ce, "To in masu gadi sunka yi sanyi, ɓarayi fa?"

Likitan ya ce, "Ka gane ke nan. Murar da wani zai yi kwana uku ya watsake, kai tana iya kai ka gadon asibiti. In ka sha maganin, cuta ta samu sauƙin shiga. In ka bari, jikinka ya kashe ƙodar. Tsakanin waɗannan biyu za ka zauna."

An yi aikin a ƙarshen shekarar 2019, aka kuma yi nasara. Aka dasa ƙodar a ƙasan cikinsa ta dama, inda yakan ɗora tafin hannu ya ji ta. Kumburi ya saɓe, launin fatarsa ya dawo, ya sha ruwa kofi biyu a jere ya yi kuka don daɗi. Safiyyatu ta koma Konni da tabon yanka a kwiɓi.

Sai dai gidan da ya dawo ya zame masa wani wuri dabam. Mutanen Illela ba sa barin mara lafiya shi kaɗai. Jama'a suka yi ta zuwa dubiya, kowa da hannunsa a miƙe, shi kuwa an hana shi musafaha. Yakan dafe ƙirji ya sunkuyar da kai, hannun mutum ya tsaya a iska har ya gaji ya koma. Waɗansu suka fahimta, waɗansu suka fita suna cewa tun da aka yi masa aiki a Kano ya fara ƙyamar mutane. Kwanonsa dabam, kofinsa dabam, ruwansa dafaffe. An hana shi nonon da ba a dafa ba da tsiren bakin titi. A masallaci yana tsayawa a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa, yana sallamewa ya fita. Idan jikokinsa suka yi tari, sai Zubaida ta kwashe su ta kai su ɗakin baya, yana jin muryoyinsu ta bango.

Ya daure fiye da shekara. A shekarar 2021 ya ga ƙarfinsa ya dawo, ya koma kara da ƙyallensa a fuska. Lahadi uku kawai ya yi. A ta huɗu yana kwance a Sakkwato, huhunsa ya kamu, ana ba shi iska ta roba, kuma sai da ya yi kwana ashirin da ɗaya kafin a sallame shi. Likita Abdulaziz ya ce masa yana iya zuwa masallaci, yana iya zama a shago mai iska, yana iya tafiya gona, amma ƙurar kashin dabbobi da numfashinsu da cinkoson kara sun fi ƙarfinsa. Attahiru bai iya zaman shago ba, bai taɓa son noma ba. Sai ya jawo kujera ya ajiye a bayan tagar zaure.

A wannan kujera tunanin ya same shi, kuma ba rana ɗaya ya zo ba. Ya riƙa tuna maganar likita cewa masu gadin jiki ba sa manta fuska. Ya riƙa tuna maganar Umma cewa ƙyanda ta san shi. Ya kuma tuna shingen Konni, yadda aka yi shekaru ana juya takardarsa, sannan wata rana aka daina. Ya ce a ransa, wane mai gadi ne zai ga fuska ɗaya safe da yamma har shekara uku da rabi, ya ci gaba da ɗaukar ta baƙuwa? Ƙodar nan ta zauna, ta yi aiki, ba ta cuci kowa ba. Likita mutumin birni ne, ya san littafi, amma bai san yadda iyaka take tafiya ba. In ya rage maganin, masu gadinsa za su farka su tare masa cututtukan kara, ƙodar kuwa sun riga sun saba da ita.

Saura mako biyar Babbar Sallar shekarar 2023, lokacin da kara ke cika da raguna har ba wurin sa ƙafa, Idi ya tsaya a bakin taga.

Ya ce, "Amarya, an leƙo? Yaushe za a kai ki ɗakin miji?"

Attahiru ya ce, "Wuce ka ba ni wuri, mai saida tunkiya da sunan rago."

"Wallahi Buzayen nan naka sun zaka da balami irin wanda ba ka taɓa gani ba. Sun ce ina Attahiru, na ce shina nan an aje shi cikin kwalba awa turare. Sun ce su ba su sallama wa kowa sai kai."

Idi ya tafi yana dariya, bai san abin da ya bari ba. A ranar Attahiru ya fara rage shan maganin. An gwada jininsa a watan Mayu, ba za a sake ba sai Agusta, don haka ya ƙudura cewa zai koma shan maganin daidai kafin lokacin, ba wanda zai sani. Zubaida ce ke miƙo masa ƙwayoyin da kofin ruwa. Na safe yakan haɗiye a gabanta. Na dare sai ya ce ta ajiye zai sha, in ta juya ya zuba su a wani tsohon gwangwanin shayi da ke ƙarƙashin gado, domin bai iya zubar da su ba.

Bayan mako biyu ya shiga kara. Zubaida ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, ka manta Sakkwato?" Ya ce mata ai jikinsa ya yi ƙwari yanzu, kuma awa biyu kawai zai yi. Ya yini. Ya cire ƙyallen ya cusa a aljihu, ya buɗe bakin raguna, ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, ya zauna a da'irar ƙwarya ya karɓi ludayi daga hannun Idi. Dillalai suka yi ta rungumar sa. Ya dawo gida da warin dabbobi a rigarsa, muryarsa ta dishe, yana cin tuwo kamar saurayi. Lahadi ta zagayo, ko atishawa bai yi ba. Wata ta sake zagayowa, haka. Ya ɗauki wannan a matsayin hujja. Bayan Sallah sai ya fara ɓoye na safen ma, kwana ɗaya ya sha, kwana biyu ya bari.

A farkon watan Agusta, makon da aka rufe iyaka saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar, ya lura fitsarinsa ya ragu. Ya ce zafi ne. Kwana biyu bayan haka takalminsa ya ƙi shiga. Sannan zazzaɓi ya zo, wurin da ƙodar take ya yi tauri, in ya ɗora hannu sai ya ji zafi kamar ƙurji na shirin fitowa. Ya koma shan maganin a ɓoye, har yana ninkawa, amma ba abin da ya canza. Ran nan da hantsi Zubaida tana shara, tsintsiya ta bugi gwangwanin, ya gangaro ya buɗe, ƙwayoyi suka watse a daɓe. Ta tsuguna ta tattara su a gefen zanenta, ta kawo ta zube a gabansa. Ta fita ta kira Idi ta ce ya nemo mota.

A Sakkwato aka gwada jini, aka soka allura a wurin aka ɗebo ɗan ƙanƙanin yanki na ƙodar aka duba. Likita Abdulaziz ya zo bakin gadon, ya ja kujera, ya ce yana son jin dalili. Attahiru ya faɗa masa duka, har da shingen Konni da ƙyandar Amarawa.

Likitan ya ce, "Misalin nawa ne, kai kuma ka bi shi har inda bai kai ba. Masu gadin iyakarku in sun san fuskarka sai su ɗaga maka hannu. Na jiki ba haka suke ba. Suna riƙe fuska ne don in ta sake bayyana su far mata da sauri fiye da na farko. Ƙyanda ba ta taɓa kauce maka ba, Malam Attahiru. Ta sha shigowa jikinka, ana kashe ta a bakin ƙofa kafin ka ji. Ƙodar nan ko shekara talatin ta yi, shaidar da ke jikinta ba za ta zama taka ba. Ka tashe su, sun duba ta, yanzu kuma sun ƙera mata makami."

Attahiru ya ce, "Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Za mu ba ka magani mai ƙarfi ta jijiya mu gani. In ta amsa, alhamdu lillahi. In ba ta amsa ba, sai ka koma na'ura."

Ya roƙi Zubaida kada a gaya wa Safiyyatu. Zubaida ta ce ta riga ta kira ta tun suna hanya.

A rana ta uku Safiyyatu ta iso, da laka har gwiwa a zanenta. Ta je shinge an mayar da ita, sai ta hau babur ta biyo ta cikin gonakin gero, inda ruwa ya yanke hanya ta sauka ta taka da ƙafa. Aka ba ta ƙyalle ta rufe hanci, aka sa ta wanke hannu, ta tsaya a ƙarshen gado.

Ta ce, "Yaya, an kwan lahiya?"

Ya ce, "Lahiya lau." Bai iya duban ta ba.

"Zubaida ta hwaɗa mini hikimar da ka yi. Wai masu gadi sun saba. To ni shekara ashirin da biyar ina bin wanga shinge. Wanda yam maida ni jiya, ni nib ba matatai maganin haihuwa, ya san sunan ɗiyana duka. Yac ce, Hajiya, yi haƙuri, umurni na."

Attahiru ya ce, "Na gaji da zama, Safiya. Ni ba mace ba, ni ba gawa ba. Mutum shina jin kukan shanu ta taga..."

"Ka gaji." Ta dafa kwiɓinta. "Ni guda ta rage mini, Yaya. Ba ni da wata da za ni ba ka. In ka kashe wagga, ka kashe ta, ni kuma an yanka ni a banza. Da ka ce mini kasuwa kaka so, da na bar ka da na'urarka, ka tahi kara duk Lahadi har ran da za ka hwaɗi cikin kashin shanu. Amma ka amsa. Tun da ka amsa, ba taka ba ce kai ɗaya."

Ya rufe fuska da hannun riga yana kuka. Ta bar shi ya gama, sannan ta zauna a kujerar da likita ya bari, ta ce wa Zubaida ta ba ta ruwa, ƙafafunta ciwo suke.

A rana ta shida fitsari ya fara dawowa. A ta goma sha biyu aka sallame shi. Ƙodar ta tsira, amma wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi, kuma likita ya ce ba zai dawo ba. Tun da masu gadin sun riga sun san ta, sai aka ƙara yawan maganin fiye da na da, wanda ke nufin garkuwarsa ta ƙara yin ƙasa. Abubuwan da aka yarje masa a baya ma aka janye wasu. Ya daina zuwa ɗaurin aure da zaman makoki, sallar Juma'a kuma a waje yake yin ta, a kan dardumarsa, nesa da sahu. Gwangwanin shayin Safiyyatu ta tafi da shi Konni. Ta kuma kafa masa ƙa'ida, cewa ƙarfe takwas na safe da takwas na dare za ta kira waya, kuma ba za ta kashe ba sai ta ji ya haɗiye.

An buɗe iyaka daga baya, dabbobi suka ci gaba da shigowa. Wata Lahadi da safe Idi ya tsayar da wani jan sa mai dogon ƙaho a ɗaya gefen titi, daidai tagar, mai shi da mai saye suna biye da shi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kai na cikin kwalba! Waɗanga mutane sun ƙi jin tawa. Duba muna wanga."

Attahiru ya matso da fuskarsa jikin ƙarfe. Ya ce, "Juya shi. Ɗaga wutsiya. Shaidar kunnen nan ta mutanen arewacin Konni ta. Buɗe bakin, haƙora nawa?"

"Shida."

"Ƙarya kaka yi, Idi, ko daga nan ina ganin takwas. Sa ya manyanta, amma shina da nama. Ƙahwar baya ta hagu tana ɗan ja, a rage wa mai saye wani abu."

Mai sa ya yi gunaguni, mai saye ya yi murmushi, aka ɗan ja magana. Daga nan Idi ya kama hannun wannan da damansa, na wancan da hagunsa, ya haɗa su a tsakiyar titi. Attahiru yana kallo, yana riƙe da ƙarfen taga. Aka ja san aka nufi kara, Idi ya waiwayo ya ce zai aiko masa da labarin yadda ta kaya.

Wayar da ke kan tabarma ta fara ƙara. Zubaida ta shigo da kofin dafaffen ruwa da ƙwayoyi a tafin hannu. Attahiru ya saki ƙarfen, ya sauke ƙyallen zuwa haɓa, ya ɗauki wayar.

Muryar Safiyyatu ta ce, "Yaya, takwas ta yi. Ina saurare."